Kada Ya Zama Agogo

Ƙarfe biyun dare a ɗakin awo, nan Tawa.
Wuta ta ɗauke tun bayan lisha,
injin yana cin batir kaɗan-kaɗan
kamar matafiyi mai tattalin guzuri.

Tsahara ta zo daga Bambai a bayan kabu-kabu,
wata takwas da ƴan kwanaki.
Ta ce, "Tun hantsi bai shure ni ba."
Ba ta ƙara komai ba. Katinta ya ƙara:
haihuwa biyu, goyo ɗaya.

Na shafa mata man sanyi, ta zabura.
Na ɗora kan na'urar ƙasa da cibiya
ina lalube, hagu, dama,
irin laluben tasha a tsohuwar rediyon babana.

Wani sauti ne da kunne ba ya kamawa
yake ratsa fata, ya ratsa ruwa,
ya taɓa zuciyar da ba ta fi goro ba,
ya dawo. Amma ba ya dawowa shi kaɗai.
Yana ɗauko kukan hanji, da numfashin uwa,
da gudun jininta mai nauyi.
Taɓarya biyu a turmi guda,
ka ce wa ya buga wannan, wa ya buga waccan?

Illa, yaron da ya haɗa mana injin,
ya taɓa ce mini, "Inna, shiƙa ce kawai.
A ɗaga ƙwarya sama,
iska ta tafi da ƙaiƙayi, tsaba ta zubo.
Sannan a auna tazarar ƙwaya da ƙwaya."
Na yi masa dariya ranar. Yau ba na dariya.

Ga ta. Ɗari da arba'in.
Ɗari da arba'in.
Ɗari da arba'in, ba ragi, ba ƙari.

Tsahara ta saki fuska.
"Ji shi," in ji ta, "daidai, kamar agogo."
Na gyara zanen da bai buƙaci gyara ba.
Agogon nake tsoro.

Shekara goma sha tara ina sauraren cikin mata,
abin da suka koya mini ke nan:
mai rai ba ya taku iri ɗaya.
Yakan yi sauri, ya tsaya jin wani abu,
ya yi tuntuɓe, ya ci gaba,
kamar ɗan akuya a hanyar rijiya.
Layin da ya miƙe sar bisa takarda
ko barci ne, ko gajiyar da ba a faɗin sunanta
gaban uwa, da tsakar dare.

Na juya ta gefen hagu.
Na ba ta ruwan randa, ta sha ta rage.
Na ce mu ƙara minti ashirin.
A waje mijinta, Gado, yana kai da kawo,
takalminsa ɗaya ya tsinke, ina jin jan sa a ƙasa.
Na riƙe lambar likita a tafin hannuna, ban danna ba.
Batir ya koma sanda guda.

Minti goma sha ɗaya.
Sha huɗu.

Sai wani jaki can bayan katanga
ya ɓarke da kuka, ba dalili.
Tsahara ta yi dariya, cikin ya girgiza,
ta ce, "Wash!" ta dafe haƙarƙari.

Ɗari da hamsin da takwas.
Da arba'in da shida. Da hamsin da uku.
Allura ta fara tangaɗi,
tana zana duwatsun Adar ƙanana-ƙanana,
tudu, kwari, tudu, ba wanda ya yi kama da ɗan'uwansa.

"Ya lalace ne?" in ji ta, tana kallon takardar.
Na ce, "Ya tashi ne."

Na yage takardar, na rubuta ranar da lokaci.
Hannuna ma bai ja layin daidai ba.
Na bar shi haka.